Sidi 7,150 a wasan ƙwallon waya: nazarin lamarin wani matashi a Nima

Wannan rubutu ya bi diddigin lamarin wani matashi ɗan Nima, a birnin Accra, daga Yunin 2022 zuwa Oktoban 2024. Ya kashe kuɗinsa da na kawunsa wajen sayen 'yan wasa a wani wasan ƙwallon ƙafa na waya. Ni malamin lissafi ne a unguwar. Kawun ne ya kira ni in taya su haɗa lissafin ɓarnar, daga nan na ci gaba da bibiyar yadda abin ya kasance. Matashin da iyalinsa sun yarda a rubuta, da sharaɗin a sakaya sunayensu. Alkaluman kuɗin da za a gani da sidi ne, kuɗin Ghana, kuma daga bayanan momo, wato tsarin tura kuɗi ta waya, da littafin kiyos aka ciro su.

Kafin Yunin 2022: yaron da inda ya tashi

Shekararsa 19 a lokacin. Ya gama sakandare a 2021, sakamakon WASSCE, jarrabawar kammala sakandare, bai kai shi jami'a ba. Mahaifinsa ya rasu, yana zaune da mahaifiyarsa mai sayar da koko da ƙosai da safe, da kuma yayarsa mai koyon aikin jinya. Kawunsa, wan mahaifiyar, yana da shagon tayoyi da kiyos biyu na momo. Ya ɗora shi a kan ɗaya, albashi sidi 600 a wata, ban da kuɗin abincin rana.

Sai an san yadda kiyos ɗin momo yake aiki kafin a gane abin da ya biyo baya. Jarin kashi biyu ne: tsabar kuɗi a durowa, da kuɗin da ke cikin layin waya, wanda 'yan sana'ar suke kira fulot. Idan mutum ya kawo sidi 100 a sa masa a waya, fulot ya ragu da 100, durowa ta ƙaru da 100. Idan ya zo cira, akasin haka. Kowane lokaci aka haɗa biyun, jarin bai kamata ya motsa ba. Jarin wannan kiyos sidi 20,000 ne. Kawun yana zuwa ƙirga ranar Juma'a kawai, bayan an sauko daga masallaci.

Da dare yaron yana zama a bes ɗinsu, kamar yawancin samarin Nima da Mamobi: benci biyu, butar ataya, hirar ƙwallo. Su 14 ne. Suna shirya gasa a waya tsakaninsu, wanda ya ci ya yi mako guda yana bugun ƙirji. A wannan gasa an san yaron da hannu. Kafin 2022 da wuya ya faɗo ƙasa da na uku.

Yadda irin wannan wasa yake karɓar kuɗi

Sauke wasan kyauta ne. Kana haɗa ƙungiyarka da katunan 'yan wasa, kowane kati da ƙarfinsa na gudu da bugu da juriya. Ana samun katuna masu sauƙin ƙarfi ta hanyar yin wasa. Manyan kuwa suna cikin akwatunan sa'a, waɗanda samarin suke kira fak, kuma da koyin ake buɗe su, wato kuɗin cikin wasa da ake saye da kuɗin gaske. Ba ka zaɓar wanda za ka samu. Ka biya, allo ya yi walƙiya, abin da ya fito shi ne rabonka.

Abubuwa uku ne suke sa kuɗi ya zube ba a ji ba. Farashi da koyin ake rubuta shi, saboda haka mutum ba ya ganin sidi a lokacin da yake dannawa. Tayin yana zuwa da agogo mai ƙirga lokaci baya, kwana ɗaya ko mako ɗaya ya wuce. Sannan katin da ya fi kowane ƙarfi yau, nan da 'yan watanni za a fito da wanda ya danne shi. Wanda ya sayi fifiko bai saye shi dindindin ba, haya ya kama.

Harka ce mai girma. Kamfanin EA, wanda ya riƙa fitar da wasan FIFA, ya shigo da tsarin Ultimate Team, na haɗa ƙungiya da katuna, a 2009, kuma a shekarar kuɗinsa ta 2021 tsarin ya kawo masa dala biliyan 1.62. A Afrilun 2018 hukumar kula da caca ta Beljiyam ta ce akwatunan sa'a na kuɗi caca ne a ƙarƙashin dokar ƙasar, kuma a Janairun 2019 EA ya daina sayar da kuɗin wasan a can. Apple tun Disambar 2017, Google kuma tun 2019, sun wajabta wa masu wasanni su bayyana yiwuwar samun kowane irin kaya a akwatin. Alkaluman suna nan a rubuce, sai dai a wani lungun allo da yawancin yara ba sa leƙawa.

Yuni zuwa Oktoban 2022: da kuɗinsa

A Yuni wani ɗan bes da yayansa ke turo masa kuɗi daga Jamus ya haɗa ƙungiya da manyan katuna. Cikin mako biyu ya doke yaron sau huɗu. Yaron ya gaya mini daga baya: “Ticha, na fi shi hannu, kowa ya sani. Amma ɗan gabansa idan ya kama gudu, na bayana kamar an ɗaure musu ƙafa.”

Ba shi da katin banki, sai aka haɗa shi da wani dillalin koyin a WhatsApp. Kana tura wa dillali momo, ka ba shi sunan shiga da kalmar sirrin asusun wasanka, ya shiga ya zuba maka koyin. Sayensa na farko sidi 60 ne, ya kuwa samu kati mai kyau a buɗewa ta uku. Ya koma na biyu a gasar wannan makon.

Daga Yuni zuwa ƙarshen Oktoba ya kashe sidi 950, duk daga albashinsa. Ya rage ba mahaifiyarsa kuɗin cefane, ya ce mata kasuwa ce ba ta tafiya. Babu wanda ya yi mamaki, domin shekarar ce sidi ya faɗi warwas: dala da take wajen sidi 6 a farkon 2022 ta haura 14 a Nuwamba, hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 cikin 100 a Disamba. Koyin da dala ake ƙiyasta shi, don haka dillalin ya riƙa ƙara farashi, yaron yana biyan ninki a kan abu ɗaya.

Nuwambar 2022 zuwa Afrilun 2023: hannu ya shiga fulot

An fara gasar cin kofin duniya a Qatar ranar 20 ga Nuwamba, wasannin ƙwallo na waya suka cika da tayi na musamman. Ranar 24 ga wata, ranar da Portugal ta ci Ghana 3 da 2, ya tura wa dillali sidi 150 daga layin kiyos, ya rubuta a littafi kamar wani ne ya kawo kuɗi a sa masa. Ba a sa komai a durowa ba. Niyyarsa ya mayar idan albashi ya shigo, kuma ya mayar. Ranar 28 ga wata Mohammed Kudus, ɗan Nima, ya ci Koriya ta Kudu ƙwallo biyu, unguwa ta ɗauka har tsakar dare. A daren ya tura sidi 300. Wannan bai mayar ba.

Lissafin abin da ya fita daga fulot bai dawo ba: sidi 1,300 a Nuwamba da Disamba, sidi 3,200 daga Janairu zuwa Maris, sidi 900 a makonni biyu na farkon Afrilu. Jimilla 5,400. A tsakanin ya ƙara kashe 800 daga albashinsa. Idan aka haɗa da 950 na farko, an kai sidi 7,150, kusan albashinsa na shekara guda.

Abu biyu ne suka rufa masa asiri wata biyar. Ranar Juma'a yakan ari tsabar kuɗi a wurin wata mai kiyos da ke kusa, ya cika durowa, kawu ya ƙirga ya tafi, ya mayar mata kafin la'asar. Ita ta ɗauka taimakon 'yan sana'a ne, don haka suke yi wa juna idan ciniki ya yi yawa. Na biyu, harajin E-Levy na tura kuɗi ta waya da aka fara a Mayun 2022 a kan kashi 1.5 cikin 100, aka rage zuwa kashi 1 a Janairun 2023, ya sa mutane da yawa suka rage tura kuɗi ta waya. Duk lokacin da kamasho ya ragu, kawun ya ɗora wa harajin. Gaskiyar kuwa, jarin ne ya ƙanƙance har yaron yana mayar da masu cire manyan kuɗi.

Bayanan momo sun nuna wani abu da ya tsaya mini a rai. Yawancin turawar tsakanin ƙarfe 11 na dare ne da 2 na dare, kuma sau da yawa biyu ko uku a jere cikin sa'a ɗaya. Na farko ƙarami, na biyu ya fi shi, na uku ya fi duka. Ya buɗe bai samu ba, ya ga asarar ta yi yawa da za a bari haka, ya sake turawa.

Afrilun 2023: ranar da aka gano

Mako guda kafin ƙaramar sallah, masu cirar kuɗin ɗinki da cefane suka yi layi. Kafin azahar durowa ta ƙare, fulot kuma bai kai abin da littafi ya nuna ba. Wata dattijuwa da aka mayar ta je shagon tayoyi ta yi wa kawun ƙorafi, ya zo ranar Talata ba sanarwa. Yaron bai yi musu ba. Ya ce, “Kawu, ni na ci, amma wallahi ban saya wa kaina ko takalmi ba.” Kawun ya fara zargin cacar ƙwallo ko mace. Da aka nuna masa hotunan 'yan wasa a allo aka ce nan kuɗin suka shiga, ya daɗe bai ce uffan ba.

Ya yi niyyar kai shi ofishin 'yan sanda. Mahaifiyar ta roƙe shi: “Yaya, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.” Ta ce za ta biya da kuɗin susu ɗinta, wato adashi. Ya janye maganar 'yan sanda, amma ya ƙi karɓar kuɗinta. Ya yanke cewa yaron zai koma shagon tayoyi, a riƙa cire sidi 300 daga albashinsa duk wata har wata 18.

Mayu da Yunin 2023: abin da aka gwada bai yi ba

An fara da ƙwace wayar. Kwana goma sha ɗaya tana hannun kawu. Asusun wasa ba a cikin waya yake zaune ba, yana wurin kamfanin, saboda haka ya riƙa shiga ta wayar abokai a bes. Da aka ga ana bukatarsa a waya don aikin shago, aka mayar masa.

Aka kai shi wurin malamin makarantar allonsu. Malam ya karanta masa aya ta 90 ta Suratul Ma'ida, ya ce biyan kuɗi a kan abin da ba ka san me zai fito ba caca ce, ya sa shi ya yi alkawari. Yaron ya yi kuka, ya ɗauki alkawarin da zuciya ɗaya. Amma a ransa bai yarda cewa caca yake yi ba. Hujjarsa ita ce ɗan caca kuɗi yake nema, shi kuwa bai taɓa sa ran kobo zai dawo ba, kuma bai taɓa taka shagon caca ba.

Yayarsa ta nemi a dawo da kuɗin. Kantin manhajoji na Google yana karɓar irin wannan roƙo cikin sa'o'i 48 da saye, nasa kuwa watanni ne, kuma ta hannun dillali aka yi, babu rasit ko ɗaya da sunansa. Dillalin ya ce shi ya ba da abin da aka biya.

Sai shawarar sayar da asusun, wadda wani ɗan bes ya kawo. An yi ciniki da wani a intanet a kan sidi 1,500. Mutumin ya nemi ya shiga ya duba kaya, ya canza kalmar sirri, ya ɓace. Babu inda za a kai kuka, domin ƙa'idar yawancin waɗannan wasanni ta hana sayar da asusu tun farko. Iyalin suka ce Allah ya raba shi da masifa, an huta.

Ba a huta ba. Ya buɗe sabon asusu, ya shiga gasar bes da ƙungiya marar ƙarfi, aka ci shi 6 da 1 a gaban kowa, aka yi masa dariya. Cikin mako biyu na Yuni ya ci bashin waya na sidi 320 ya tura wa dillalin. Yayarsa ce ta ga saƙon tunin biya.

Yuli zuwa Satumbar 2023: abin da ya yi aiki

Na zauna da shi da bayanan momo, muka bi layi-layi. Kowace turawa muka mayar da ita kwanakin aiki, a kan sidi 23 a rana. Na sa shi ya buɗe lungun da aka rubuta yiwuwar samun kati, muka yi lissafi da misali mai sauƙi: idan damar samun kati kashi 1 ce cikin 100 a kowace buɗewa, kuma kowace buɗewa ba ruwanta da ta baya, to cikin mutum 100 da kowannensu ya buɗe sau 100, kusan 37 za su tashi ba su samu ba. Shi a tunaninsa kowane rashi yana matso da shi kusa da samu. Ya sake lissafin da kansa a kalkuleta har sau biyu. Na kuma tambaye shi katin da ya fi kashe wa kuɗi a Disamba, ko da asusun na nan zai sa shi a wasa yau. Ya ce a'a, an riga an fito da waɗanda suka fi shi.

Yayarsa ta ɗauki ɓangaren kuɗi. Ragowar albashinsa a hannu ake ba mahaifiyar, ita take ba shi na kashewa kullum. An fita daga zaurukan dillalai, an toshe lambar mutumin, an kashe sanarwar da wasan ke turowa. Ba ta hana shi saye ba. Ta ce duk abin da yake so ya rubuta a takarda da farashinsa da sidi, ya ba ta, a jira kwana biyu. Ya rubuta sau biyar a watanni biyu. Sau huɗu tayin ya wuce kafin wa'adin, na biyar kuma shi ya ce ta yaga takardar. Wayar kuma tana kwana a ɗakin mahaifiyar daga ƙarfe 11.

Babban canji daga bes ya zo. Kawun ya kira shugaban bes, wani tela mai shekara 30 da ɗoriya, ya gaya masa komai. Telan ya tara su ya tambayi kowa nawa ya kashe. Mutum shida cikin 14 suna saye, ɗaya ya jinginar da keken ɗinkin ubangidansa na kwana uku don haka. Suka sa doka: gasar bes da kulob na asali za a yi ta, yadda kamfani ya tsara shi, ba da ƙungiyar da mutum ya haɗa da katunansa ba, kuma da ƙuri'a za a raba kulob ɗin. Mai yaya a Jamus ya yi fushi, ya yi mako uku bai zo ba, sannan ya dawo. A gasar farko ta sabon tsari yaron ya zo na uku, a ta biyu ya ɗauki kofi.

Ya yi tuntuɓe sau ɗaya. A Agusta Kudus ya koma West Ham, hirar katuna ta sake tashi, a Satumba ya kashe sidi 85 da wani mai mota ya yi masa kyauta. Shi ya je ya gaya wa yayarsa washegari.

Oktoban 2024: inda aka tsaya

Ya gama biyan 5,400 ɗin a Oktoban 2024, ba a tsallake wata ko ɗaya ba. Tun bayan Satumbar 2023 bayanan momo ɗinsa ba su nuna turawa ga wani dillali ba. Yana wasan har yanzu, yawanci daren Juma'a da Asabar. Ya iya aikin taya, kawun yana barin masa shago, amma bai mayar da shi kiyos ba. Kuɗin da asusun sun tafi ke nan.

Abin da na fahimta

A ganina matakan farko sun faɗi ne saboda duk sun nufi wayar ko zuciyar yaron, suka bar abin da yake saye da kuɗin. Mutuncinsa a gaban samari 13 yake saye. Ba shi da jami'a, ba shi da sana'ar kansa, wuri ɗaya da ake kiran sunansa da girma shi ne wannan gasa, sai aka sa wa wurin farashi. Muddin kuɗi na iya sayen nasara a bes, ƙwace waya da alkawari ba za su riƙe shi ba, kuma abin da ya faru a Yuni ya tabbatar da haka. Dokar telan ce ta raba nasara da aljihu.

Ban ce wa'azin malam bai yi amfani ba. Shi ne ya sa yaron ya kai kansa ƙara a Satumba. Kuma ina tare da malam a hukuncin: abin da aka biya kuɗi aka jira sa'a, aka bi asara da ƙarin kuɗi da tsakar dare, halin caca gare shi ko da ba a cin kobo. Amma yaron bai ga haka ba sai da ya ga alkaluma da sidi da kwanakin guminsa. Jiran kwana biyu kuma ya yi aiki ne domin tayin da gaggawa yake kama mutum.

Kawun ya yi daidai da ya ƙi kuɗin susu. Da uwar ta biya, da nauyin ya sauka a kan wadda ba ta ci ba. Amma barin yaro ɗan shekara 19 da jarin sidi 20,000, a ƙirga a rana ɗaya sananniya, shi ya ba ɓarnar wata biyar ta girma. Yaron ya ci amana, wannan ba a kauda kai a kansa. Masu tsara wasan su ma ban wanke su ba: ɓoye farashi a bayan koyin da sa agogo a kan tayi zaɓi ne da aka yi da gangan. A Disambar 2022 hukumar kare masu saye ta Amurka ta sa Epic Games, mai Fortnite, biyan dala miliyan 245 a mayar wa mutanen da tsarin allo ya ja su ga sayen da ba su yi niyya ba. Hukumar kula da caca ta Ghana, wadda dokar 2006 ta kafa, ya dace ta dubi akwatunan sa'a da dillalan koyin da idon da take duban shagunan caca.

Dillalin yana nan yana ciniki. Telan ya gaya mini yawancin masu tura wa dillalin kuɗi yanzu yara ne 'yan shekara 12 zuwa 15, masu riƙe wa iyayensu mata waya a kasuwa, kuma sun san lambar sirrin momo domin su ake aika cirar kuɗi. Kawun ya koma ƙirga durowa da fulot tare a kiyos ɗinsa biyu kowace yamma, ba ya faɗin lokacin zuwansa.